Yayana ya rasu a Houston: ta yaya zan ga takardun gadonsa a kotu?

"Assalamu alaikum. Yayana ya daɗe yana zaune a Houston ta jihar Texas, a can Allah Ya karɓi ransa kusan shekara biyu ke nan. Ya bar mata da ɗa guda a can, sannan yana da 'ya'ya biyu a nan Zariya daga aurensa na fari, suna hannuna, kuma mahaifiyarmu tana raye. Mun san yana da gida da mota, amma duk lokacin da muka tambayi matar sai ta ce kotu ta riga ta gama komai. Ba rigima nake nema ba, so nake in ga abin da aka rubuta da idona. Shin wanda yake Najeriya zai iya samun waɗannan takardu, kuma a ina ake neman su?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya albarkaci bayansa, Ya saka maka da alheri a kan riƙon marayun da kake yi. Abin da kake tambaya gida biyu ne: ko doka ta yarda ka ga fayil ɗin shari'ar gadon, da kuma hanyar da za ka bi ka same shi alhali kana Zariya. Amsar ta farko mai sauƙi ce. A Amurka fayil ɗin kotun gado takarda ce ta jama'a, kowa yana da ikon dubawa ya nemi kwafi, ba sai ya nuna dangantakarsa da mamaci ba, ba kuma sai ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin ƙasar ba. Ba ka buƙatar izinin matar, kuma ofishin ba ya aika mata sanarwa cewa wani ya nemi kwafi. Ta biyun ce take buƙatar bayani, domin a aikina na taimaka wa lauyoyi kan shari'un gado a Texas, yawancin waɗanda suka ce sun nema ba su samu ba, ofishin da bai dace ba suka je, ko kuma da sunan da bai dace ba suka bincika.

Wace kotu, wane ofishi

Gado a Amurka ba sha'anin gwamnatin tarayya ba ne. Kowace jiha da dokarta, kuma a mafi yawan jihohi ana yin shari'ar a matakin gunduma, wadda su suke kira county, kuma ƙasar tana da irinsu fiye da 3,000. Saboda haka babu wata rajista ɗaya ta ƙasa baki ɗaya da za ka sa suna ta fito maka da komai. Shafin PACER da mutane suke yawan faɗawa a kansa na kotunan tarayya ne, ba za ka ga gado a ciki ba. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja ma ba shi da waɗannan takardu.

Sunan kotun ma yakan canza daga jiha zuwa jiha. A New York, inda 'yan'uwanmu da yawa daga Gana da Nijar suke zaune a Bronx, Surrogate's Court ake ce mata. A Maryland ofishin Register of Wills ne yake riƙe da fayiloli, a Chicago kuwa sashen gado ne na kotun gundumar Cook. A Texas, mai gundumomi 254, magatakardan gunduma ne yake ajiye su, wato County Clerk. Ka lura da kyau a nan, domin a manyan gundumomin Texas akwai wani magatakarda na daban mai suna District Clerk, wanda yake riƙe da shari'un saki da manyan ƙararraki. Wanda ya aika wa wannan na biyun takardar neman fayil ɗin gado zai yi makonni yana jira, ƙarshe a ce masa babu.

Ƙa'idar ita ce ana buɗe shari'ar a gundumar da mamaci yake da mazauni na dindindin lokacin rasuwarsa, ko da a asibitin wata gunduma ya cika. To a nan "Houston" kaɗai ba ta isa adireshi ba. Mafi yawan birnin yana cikin gundumar Harris, amma wani yanki nasa ya shiga Fort Bend, wani ɗan ɓangare kuma Montgomery. 'Yan Najeriya da yawa suna zaune a kudu maso yammacin birnin, wajen Sugar Land da Missouri City da Richmond, kuma idan sun zo gida cewa suke yi a Houston suke, alhali gidajensu galibi a ƙasar Fort Bend suke. Ka nemo cikakken adireshin gidan yayanka daga wata tsohuwar wasiƙa, ko takardar aiko kuɗi, ko takardar gayyata da ya taɓa aiko wa wani don neman biza, sannan ka tabbatar da gundumar da adireshin ya faɗa. Idan shakka ta rage, ka bincika Harris da Fort Bend duka biyu, tunda binciken a intanet kyauta ne. Idan kuma ya mallaki gida ko fili a wata jiha, akan buɗe ƙaramar shari'a ta biyu a can domin wannan kadarar kaɗai.

Bincike da suna

Shafin intanet na magatakardan gundumar Harris yana da wurin binciken shari'un gado, haka ma na Fort Bend. Abin da kake nema a wannan mataki abu ɗaya ne, lambar shari'a. Da ita komai yake sauƙi, ba tare da ita ba ma'aikacin ofis zai caje ka kuɗin bincike, kuma iyakar harufan da ka ba shi zai duba.

Sunayenmu suna ba da wahala a waɗannan rajistoci. Mutumin da kuka sani a gida da Muhammadu Sani yana iya zama Mohammed a fasfo, Mohamed a lasisin tuƙi, kuma sunan garinsu ko na kakansa ya zama shi ne sunan iyali. Na taɓa neman fayil ɗin wani bawan Allah da iyalinsa suka rantse an buɗe shari'a, muka yi ta juya harufa babu labari, ashe wanda ya shigar da bayanin ya ɗauki sunan yanka ya mai da shi sunan iyali, ya kuma raba Abdul da Kadir gida biyu. Don haka ka fara da sunan kamar yadda yake a fasfo ɗinsa, sannan ka juya jerin sunayen, sannan ka sa harufa uku ko huɗu na farko kawai ka taƙaita da shekarar rasuwa. Idan duk bai fito ba, ka sa sunan matar, domin mai shigar da buƙata ma ana rubuta sunansa a cikin shari'ar.

Idan ka dace, za ka ga jerin duk takardun da aka shigar da ranakunsu. Wannan jeri kaɗai zai gaya maka rabin labarin tun kafin ka biya ko sisi: ranar da aka buɗe shari'ar, ko da wasiyya ko babu, wanda aka naɗa, da sunan lauyan da ya tsaya masa.

Abin da za ka nema a cikin fayil

Shawarata ita ce ka nemi fayil ɗin gaba ɗaya, domin gadon mutum mai gida ɗaya da mota ɗaya ba ya cika yawan shafuka. Amma akwai takardun da za ka zauna ka karanta su layi bayan layi.

Ta farko ita ce takardar buƙata da aka buɗe shari'ar da ita. Idan yayanka bai bar wasiyya ba, abin da aka saba yi a Texas shi ne a roƙi kotu ta tantance magada, kuma mai roƙon dole ne ya lissafa bisa rantsuwa duk auren da mamaci ya yi da duk 'ya'yan da ya haifa, da sunayensu da inda suke. A wannan shafi za ka ga ko an ambaci yaran da suke hannunka. A irin wannan shari'a alƙali yakan naɗa lauya na musamman domin kare magadan da ba a san da su ba, kuma shaidu biyu da ba su da rabo a gadon sukan ba da shaida a kan iyalin mamaci. Rahoton lauyan nan da bayanin shaidun suna cikin fayil. Na ga takarda da aka rubuta a cikinta, da sa hannu da hatimi, cewa mamaci aure ɗaya ya yi a rayuwarsa, alhali babbar 'yarsa tana jami'a a gida Najeriya. Ba kullum mugunta ce take kawo haka ba, wani lokaci shaidun abokan aiki ne da ba su san rayuwarsa ta baya ba. Ko ma mene ne dalili, hukuncin da aka gina a kan wannan bayani yana iya gyaruwa.

Idan kuwa ya bar wasiyya, da zarar an gabatar da ita a kotu ta shiga hannun jama'a, za ka same ta tare da umarnin alƙali da ya amince da ita ya naɗa wasiyyi. Dokar Texas ta wajabta wa wasiyyi ya sanar da duk wanda aka ambata a wasiyyar cikin kwana 60 bayan wannan umarni, ya kuma shigar da shaidar cewa ya yi hakan. Wanda ba a ambata ba ba a aika masa komai. Sanarwar buɗe shari'ar kanta a harabar kotu ake liƙa ta na aƙalla kwana 10, wannan ne ya sa ake iya gama komai babu wanda ya ji a Zariya.

Sai lissafin kadarori, wanda ake shigarwa cikin kwana 90 bayan wanda aka naɗa ya kama aiki. Shi ne zai nuna gida da mota da asusun banki da ƙimar kowanne. Amma kada ka yi mamaki idan ka tarar da takardar rantsuwa mai shafi ɗaya a madadinsa. Texas ta yarda da tsarin da wasiyyi yake gudanar da dukiya ba tare da komawa gaban alƙali a kowane mataki ba, kuma a ƙarƙashin wannan tsari, idan an biya basussukan da ba su da jingina, yana iya rantsuwa cewa ya ba masu rabo lissafin kai tsaye, ba sai ya ajiye shi a kotu ba. A wannan hali mai rabo a gadon yana da haƙƙin neman lissafin daga hannun wasiyyin, kuma bayan wata 15 da ba shi iko, duk mai haƙƙi yana iya neman cikakken bayanin abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuce. Irin wannan tsari ne kuma ya sa fayil da yawa ba su da takardar rufewa ko kaɗan, don haka maganar "kotu ta gama komai" tana iya nufin alƙali ya sa hannu sau ɗaya kawai, sauran aikin yana hannun matar.

Lambobin asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa za ka same su a shafe, wannan ƙa'ida ce. Takardar shaidar rasuwa kuma ba ta bin dokar fayil ɗin gado: a Texas ana killace ta shekara 25, makusantan dangi ne kawai suke iya karɓa da shaidar ko su wane ne.

Yadda ake aika buƙata

Ba a buƙatar ambaton dokar 'yancin samun bayanai, domin ba ita take tafiyar da takardun kotu ba, kuma ambatonta yakan sa a tura wasiƙarka wani sashe. Gajeriyar wasiƙa da Turanci zuwa sashen gado na ofishin ta wadatar. Ka sa cikakken sunan mamaci, ranar rasuwa, lambar shari'a, takardun da kake so, irin kwafin da kake so, da adireshin imel ɗinka, sannan ka roƙi a gaya maka adadin shafuka da kuɗin kafin a fara. Kada ka ba da labarin iyali a ciki. Ma'aikatan ofishin doka ta hana su ba da shawarar shari'a, ba za su gaya maka ko an cuce ku ba, kuma doguwar wasiƙa jinkiri kawai take jawowa.

Kwafi iri uku ne. Akwai na karatu kawai, wanda a Texas aka saba biyan dala 1 a kowane shafi. Akwai mai hatimin magatakarda da yake tabbatar da cewa daidai yake da na asali, wanda ake ƙara dala 5 a kan kowace takarda. Akwai kuma mai hatimi uku, wanda alƙali da magatakarda suke tabbatar da juna a kansa, ana nemansa idan za a gabatar da takardar a kotun wata jiha. Farashi ya bambanta da wuri, a Kalifoniya misali hatimin kaɗai dala 40 ne, saboda haka ka duba jadawalin kuɗi a shafin ofishin. Don buƙatarka ta yanzu kwafin karatu ya isa. Kada ka ɓata kuɗi a kan hatimi sai lauya ya ce ga inda za a kai takardar. Idan har ta kai ga za a yi amfani da ita a kotu ko banki a Najeriya, hatimin magatakarda bai isa ba, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe. Sai takardar ta bi ta ofishin sakataren jihar Texas, da ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya.

Biyan kuɗin shi ne yakan zama ƙarfen ƙafa ga wanda yake gida. Ta gidan waya, cak ko takardar kuɗi ta dala daga bankin Amurka suke karɓa, katin naira kuwa sau da yawa ba ya wucewa a shafukansu. Hanyar da na fi ganin tana aiki ita ce ka sami amintaccen mutum a Houston, ko daga masallacin da yayanka yake salla, ko daga ƙungiyar 'yan gida, ya je da lambar shari'ar. A Harris sashen gado yana ginin kotun ƙararraki da ke lamba 201 a titin Caroline, a Fort Bend kuwa a garin Richmond. Zai iya duba fayil ɗin a kwamfutar ofis, ya biya a kanta, ya ɗauki hoton shafukan ya turo maka a ranar. Idan waya za ka buga da kanka, ka tuna Najeriya tana gaban Houston da awa 6 a lokacin zafinsu, awa 7 a lokacin sanyi, wato safiyarsu ta yi daidai da bayan azahar zuwa la'asar a wurinku.

Idan ba a sami fayil ba

Rashin fayil ba ya nufin an ɓoye wani abu. Dukiya mai yawa a Amurka ba ta bi ta kotu sam. Inshorar rai, da kuɗin fansho na wurin aiki irin 401(k), da asusun bankin da aka rubuta sunan wanda zai karɓa bayan mutuwa, duk kai tsaye ake biyan wanda aka ambata da zarar ya kai shaidar rasuwa. Ga ma'aikacin albashi, sau da yawa waɗannan sun fi gidan da motar daraja, kuma ba za ka ga ko alamarsu a kotu ba. Gida ma yana iya sauya hannu ta takardar rantsuwar magada da ake ajiyewa a rajistar filaye da gidaje, wadda ita ma a ofishin magatakardan gunduma take, amma a wani sashe dabam. Ka bincika sunan yayanka a can, ka kuma sa adireshin gidan a shafin hukumar ƙiyasta harajin gidaje ta gundumar, za ka ga sunan wanda yake kan gidan a yau. Ƙaramar dukiya da ba ta wuce dala 75,000 ba, ban da gidan zama da wasu kayan da doka ta keɓe, ana iya raba ta da takardar rantsuwa guda, ita kam a fayil ɗin gado ake samunta. Akwai kuma yiwuwar ba a buɗe komai ba tukuna, tunda Texas ta ba da shekara 4 daga ranar rasuwa don gabatar da wasiyya.

Abin da za ka tarar, da lokacin da ya rage

Gara ka san wannan tun kafin takardun su iso, don kada ka karanta su da ma'aunin gida. Kotun Texas ba ta raba gado bisa shari'ar Musulunci sai idan mamaci ya tsara hakan a wasiyyarsa. Idan babu wasiyya kuma akwai 'ya'ya, uwa ba ta da sudusin da Alƙur'ani ya ba ta, kuma rabon mace daidai yake da na namiji. Dukiyar da aka tara a cikin aure ana ɗaukar rabinta na matar ne tun asali, ba gado ba ne. Amma dokar ta tsaya wa yaran da suke hannunka a wuri mai muhimmanci: idan mamaci yana da 'ya'ya daga wani aure, rabinsa na wannan dukiya 'ya'yansa ne suke gadonsa, dukkansu daidai wa daida, na Houston da na Zariya, matar ba ta da kaso a ciki, sai dai tana da ikon ci gaba da zama a gidan iyali muddin ranta. Idan kuwa akwai wasiyya ingantacciya, Texas ta bar mutum ya ba wanda ya ga dama ya hana wanda ya ga dama, ko da ɗan cikinsa ne. Maganar haƙƙin mahaifiyarku a wannan hali ta koma ta sulhu da tsoron Allah tsakanin magada, kuma na ga iyalan da bayan kotu ta gama nata suka zauna da malami suka sake rabo bisa yardar juna.

Maganar da ta fi damuna a wasiƙarka ita ce "kusan shekara biyu". Wanda yake son ƙalubalantar wasiyya a Texas shekara 2 yake da ita daga ranar da alƙali ya amince da ita, ba daga ranar rasuwa ba. Magajin da aka tsallake a hukuncin tantance magada, ba a kuma aika masa sammaci ba, yana da shekara 4 daga ranar hukuncin ya nemi a gyara, kuma idan an tabbatar da zamba wa'adin ba ya rufe ƙofa. Akwai sassauci ga yara ƙanana a wasu daga cikin waɗannan wa'adai, amma ba abin da za a jingina da shi a zauna ba ne. Abu na farko da za ka duba a jerin takardun shi ne ranar da alƙali ya sa hannu.

Abin da na faɗa ya tsaya a kan Texas da kuma bayanin da ka bayar, kuma fayil iyakarsa ya nuna abin da aka gaya wa kotu. Idan ka ga sunayen yaran a ciki da rabonsu, sai ka rubuta wa lauyan da sunansa yake kan takardun cikin ladabi ka tambayi inda kasonsu yake, domin kuɗin ƙananan yara akan ajiye shi a asusun kotu har su girma. Idan ba ka ga sunayensu ba, kana buƙatar lauyan gado mai lasisin Texas, kuma ƙungiyar lauyoyin jihar tana da shafin da za ka tabbatar da lasisin kowane lauya kafin ka tura masa kuɗi. Kafin ku yi magana ka tanadi takardun haihuwar yaran masu ɗauke da sunan mahaifinsu, da shaidar auren farko da ta rabuwa idan akwai, da duk wata shaidar kuɗin makaranta ko na abinci da yake aiko musu, a kuma fassara waɗanda suke da Hausa ko Larabci zuwa Turanci a wurin mai fassara da zai sa hannu ya yi rantsuwa a kan fassararsa.